Masu tausa da gyaran jiki: yadda zaki yi aiki baki kashe hannunki ba

Sana'ar nan tamu tana cin mai ita ne a hankali ba tare da hayaniya ba. Kwastoma zata tashi tana miƙa tana cewa wallahi anti hannunki akwai albarka jikina duk ya sake, ita kuma mai hannun albarkar ta koma gida ta kasa murɗe murfin robar ruwa, ko cikin dare yatsu su tashe ta daga barci sun yi dindiris sai ta yi ta yarfe su. Ba karaya bace ba targaɗe ba, balle a ce ga ranar da abin ya faru, motsi ɗaya ne ake ta maimaitawa da ƙarfi kullum kullum, jiki bai gama gyara ɓarnar jiya ba an ɗora masa ta yau. Shi yasa da yawa sai su ce sanyi ne, a sha maganin sanyi a shafa man zafi a koma aiki.

Da masu tausa nake, da masu dilka da halawa, da yaran shago masu koyo. Maza masu tausa a wuraren motsa jiki da otal kuma ku yi haƙuri, da mata zan yi ta magana dan su na fi sani, amma hannu dai ɗaya ne.

Ki fara sanin abin da ke faruwa a ciki

Naman da ke motsa yatsunki yawancinsa ba a tafin hannu yake ba, yana sangalin hannu ne tsakanin gwiwa da wuyan hannu, sai wasu jijiyoyi dogaye su taho daga can su ratsa wuyan hannu su je su kama yatsu. A wuyan hannun akwai wata 'yar hanya matsattsiya da jijiyoyi 9 masu jan yatsu suke bi, tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji. In hannu na miƙe suna wucewa salin alin, in kika lanƙwasa shi kika danna da ƙarfi sai su dinga goga kamar igiyar guga a bakin rijiya, daga nan sai kumburi, kumburin kuma ya matse waccan jijiyar ta ji tunda ba wajen da zata matsa. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira kafal tonel. Alamarsa sagewa da jin kamar ana tsira miki allura a babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe, ƙaramin yatsa baya shiga dan shi wata jijiyar ce daban ke kula da shi, kuma ya fi tashi da dare.

Amma wanda ya fi shan wahala a sana'armu babban yatsa ne. A 1977 wasu masu bincike biyu a Amurka, Cooney da Chao, sun lissafa cewa in mutum ya matse abu da ƙarfin kilo 1 tsakanin babban yatsa da manuniya, gaɓar da ke can gindin babban yatsan nauyin wajen kilo 12 take ɗauka. Toh ki lissafa da kanki, mai murza kafaɗar mutum na minti ashirin ko mai jan halawa yini guda ai ba kilo ɗaya take matsawa ba. Akwai kuma ciwon da ke kama gefen wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, wanda ake kira da sunan De Quervain, likitan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1895, masu jego ma suna yinsa saboda ɗaga jariri. Sai ciwon bayan gwiwar hannu, sai yatsa mai maƙalewa in kin dunƙule sai kin sa ɗayan hannun kin ɓalle shi, sai kafaɗa da wuya da ƙugu.

Gwaji biyu zaki iya yi yanzun nan a zaune. Ki sa babban yatsa cikin tafi ki rufe shi da sauran yatsun, ki karkatar da hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa, in kika ji zafi mai kaifi a gefen wuyan hannun, musamman in hannu ɗaya ya fi ɗaya sosai, akwai magana. Na biyu ki haɗa bayan hannayenki biyu a gaban ƙirji yatsu suna kallon ƙasa ki tsaya minti ɗaya, in yatsun nan suka fara sagewa shi ma akwai magana. Wannan ba zai zame miki likita ba, kawai dan ki daina cewa sanyi ne.

Tsayin gado

Rabin matsalar daga nan take. Ki tsaya a gefen gadon tausa ki saki hannuwa ki dunƙule, ya kamata gaɓoɓin dunƙulen su taɓa saman gadon. In kwastoma mai jiki ce ko tana son a danna sosai ki ƙara saukar da shi, dan kaurin jikinta ma tsayi ne. Gado in ya yi tsayi kafaɗunki zasu ɗage su nufi kunne, nauyin jikinki ba zai iya sauka kan aikin ba, dole ki nemo ƙarfin daga yatsu da wuyan hannu. In ya yi ƙasa da yawa kuma ƙugu ne zai biya. Shagunan da kafinta ya buga musu gado ɗaya kowa na aiki a kai, doguwa da gajeriya, in ba za a rage ƙafafun ba a buga wa gajeriyar wani faffaɗan katako ta dinga takawa, mai faɗin da zata iya tafiya a kai ba ɗan kujerar tsuguno ba.

Masu zuwa gida gida, ku kuka fi bani tausayi. Amarya na kwance a kan leda ko tabarma a tsakar ɗaki, ke kina sunkuye awa biyu, ko kuma a kan katifa mai laushi wadda duk abin da kika danna ita ke shanyewa sai ki ninka ƙarfi a banza. In dole a ƙasa za ayi, ki sa filo ko tawul a ninke a ƙarƙashin gwiwa, ki durƙusa da gwiwa ɗaya ki kafa ɗaya ƙafar, ki dinga canzawa, kuma ki dinga matsawa kina bin wajen da kike aiki maimakon ki zauna waje ɗaya kina miƙa hannu can nesa. Katifa mai laushi kam ki ce a'a kawai, a shimfiɗa bargo a ƙasa ya fi. In kina da gado mai naɗewa ki bari mai adaidaita ko wani yaro a gidan ya kama miki, kar ki rataya shi a kafaɗa ɗaya ki hau bene da shi sannan ki fara aiki.

Ƙarfi daga ƙafa yake fitowa

Wannan shi ne gaba ɗayan maganar, in ma shi kaɗai kika ɗauka ya isa. Danna jiki da nauyinki ake yi. Ki sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan sake, baya a miƙe, cibiyarki na kallon inda hannu zai tafi, sai ki jingina ki bar nauyin ya sauka, in zaki yi gaba ƙafar baya ce ke tura ki, hannu kawai isar da saƙo yake. Kina son ƙarin ƙarfi, ki ƙara ja da ƙafar baya ki ƙara jingina. Mace mai kilo 55 in ta iya wannan zata danna fiye da ƙato mai murza da yatsu, kuma ta gama bata haki.

Wuyan hannu ya zama a miƙe da sangali gwargwadon iko. Yawancinmu mun saba kifa tafi mu tanƙware hannun baya sosai mu danna da tudun tafin, daidai kan waccan matsattsiyar hanyar kenan kike zuba nauyinki. Ki rage kwanar, ki tura hannun gaba da jikinki kaɗan maimakon ya kasance a ƙarƙashin kafaɗarki tsaye.

Manyan wurare irin baya da cinya da mazaunai da tudun kafaɗa, sangalin hannu ne nasu, wajen nan mai nama kusa da gwiwa. Zaki sha mamaki yawancin kwastomomi sun fi jin daɗinsa ma dan yana da faɗi baya soka. Inda ake son a nutsa sai gwiwar hannu, a hankali, kina tambaya, kuma banda kan ƙashin baya da bayan gwiwar ƙafa da gefen wuya. Sai dunƙulen hannu sakakke, ki danna da bayan yatsu, shi ne na tafin ƙafa da damtse. Babban yatsa ki ajiye shi dan neman inda ƙullin yake, in kin samu sai ki kawo gwiwar hannu ko dunƙule ko katakon tausa su yi aikin. In ba makawa sai shi, kar ki bari ya buɗe gefe ko ya tanƙware baya, ki jera shi da sangali ki tallafe shi da dunƙulen yatsunki ko ki ɗora ɗayan hannun a kai, na ƙasa yana ji na sama yana dannawa. Masu yatsu masu laushi da ke lanƙwasa baya sosai, waɗanda ake cewa hannunsu kamar ba ƙashi, ku kun fi kowa buƙatar wannan dan gaɓoɓinku basu da birki.

Kuma ki rage sauri. Nama yana sakewa ne in an danna an jira, gaggawa tana sa mutum ya ƙanƙame jiki ke kuma ki ƙara ƙarfi, kowa ya wahala.

Dilka da halawa nasu daban ne

Dilka murza ce da cuɗa, gajeren motsi mai sauri sau ɗaruruwa, kuma in ta fara bushewa a jiki sai ta yi tauri ki koma kankara da yatsu. Ki dinga shafawa gaɓa gaɓa, ki gama hannu kafin ki shafa ƙafa, ki murza da tafi gaba ɗaya da dogon ja wanda ke tasowa daga kafaɗa da jiki, hannu biyu suna karɓa karɓa. Kwaɓin ma in ya yi tauri ki sassauta shi tun a kwano.

Halawa kuwa duk matsi ne da fizga, wato daidai abin da gindin babban yatsa ya tsana. Wadda ta dahu da yawa ta yi tauri, ko ta sha sanyin hunturu, kar ki tsaya kina yaƙi da ita da yatsu, ki ɗora robar cikin ruwan ɗumi ta yi laushi. Ki ɗebi ƙaramin curi, ki shimfiɗa da yatsu uku ko huɗu a haɗe, fizgar ta taho daga gwiwar hannu wuyan hannu na miƙe. Ki koya wa hagunki ko da shimfiɗawa ce, da farko zaki ji kamar ba naki ba amma yana koya.

Mai ma yana da nasa. In ya yi yawa hannu na zamewa sai ki ƙanƙame dan ki riƙe waje, in ya yi kaɗan kina ja da ƙarfi. Man kaɗanya lokacin sanyi ki narkar da shi kafin kwastoma ta kwanta, ba ki tsaya kina ƙwaƙula da murzawa a tafi ba. Farce a yanke, dan mai dogon farce dole ta karkace yatsu dan kar ta yagi mutum. Na'urar tausa mai girgiza tana rage aiki amma girgizar tana shiga hannun mai riƙe da ita, ki riƙe sako sako na 'yan mintuna ki ajiye.

Lissafin yini

Anan ne ake faɗa dani. Lokacin rububin biki, wato gab da azumi da bayan sallah da ƙarshen shekara, shi ne lokacin da hannaye ke lalacewa, dan wadda ta saba mutum biyu a yini sai ta koma shida, ga amarya ga uwar amarya ga ƙawaye kowa na son a taɓa shi. Jijiya tana iya sabawa da aiki mai yawa amma a hankali take sabawa, ta fi nama jinkiri nesa ba kusa ba, tsallen nan na lokaci ɗaya shi ke kayar da ita. Haka wadda ta dawo daga jego ko doguwar tafiya, da sabuwar yarinya da aka sa ta cikakken aiki a satin farko.

Ni a ganina awa huɗu zuwa biyar na aikin dannawa sosai a yini ya isa, sauran lokacin a cika shi da mai sauƙi, turare, gyaran fuska, haɗa kaya. Kar ki jera masu nauyi biyu a jere, ki sa mai sauƙi a tsakani. Tsakanin kwastoma da kwastoma ki bar minti 10 zuwa 15 na gaske, ba wanda zaki yi wankin tawul da matse shi a ciki ba, ba kuma na danna waya da babban yatsan da kika gama gallazawa ba, in amsa saƙo ne ki yi da murya. Rana ɗaya a sati hannu ya huta gaba ɗaya. In kin ce kuɗin ba zai isa ba toh kuɗin aikin ne ya yi kaɗan, ki ƙara farashin tausa mai nauyi da na zuwa gida, wadda ke son a danna mata kamar za a fasa ƙashi ta biya na hakan. Kuma ba laifi bane ki ce Hajiya iya nan zan iya dannawa, in an wuce haka gobe jikinki ne zai yi tsami.

Sai aikin gida wanda ba mai lissafa shi. Tuƙin tuwo, wanki da matse zannuwa, daka, jan ruwa, ɗaga yaro ta hammata da babban yatsa a buɗe, duk jijiyoyin nan ne dai. Ranar da kika yi aiki mai yawa a shago a samu wani ya tuƙa, wanki a bayar ko a raba shi kwana biyu, yaro ki tallafo shi ta ƙasa da sangali.

Motsa hannu

Kafin kwastomar farko, musamman da hunturu, ki sa hannu a ruwan ɗumi minti biyu uku, ki buɗe ki rufe, ki juya kafaɗu. Bayan aiki ki miƙe hannu gaba gwiwa a miƙe, ki ja yatsu baya a hankali da ɗayan hannun na sakan 20 zuwa 30, ki juya ki ja su ƙasa haka nan, ja mai daɗi banda zafi. Aikinmu duk na dunƙulewa ne dan haka naman buɗewa yana da rauni, ki zura robar ɗaure kuɗi a kan yatsu biyar ki dinga buɗewa sau 15 zuwa 20. Na gwiwar hannu kuma ki ɗauki robar ruwa ta rabin lita, nauyinta rabin kilo kenan, ki ɗora sangali a cinya tafi na kallon ƙasa, ki ɗaga ta daga wuyan hannu da taimakon ɗayan hannun ki sauke a hankali kina ƙirga huɗu. Ƙwallon matsawa da ake sayarwa ni bana ba mai tausa shawararsa, matsi ai shi kike yi tun safe. Bayan kafaɗa da cinya su suka fi son ƙarfafawa tunda su muke so su ɗauki aikin.

In ciwon ya riga ya zo

Gajiya da ke tafiya bayan barci ba komai. Wanda kika tashi da shi da safe, ko ya fara tun kwastomar farko, ko kullum waje ɗaya ne zaki iya nuna shi da yatsa, wannan ki rage aiki daga yau kuma ki cire motsin da ke tayar da shi. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 10 zuwa 15 bayan aiki, in ba wuta fiya wata mai ƙanƙara ma ta yi. Mai sagewar dare ta nemi takalmin hannu mai riƙe wuyan hannu a miƙe ta dinga kwana da shi na wasu makonni, ana samu a manyan kemis da shagunan kayan asibiti, na babban yatsa daban yake dan haka ki faɗi inda ke miki ciwo. Kar ki ɗaure da bandeji tamau ki ci gaba da aiki, kuma kar ki ba wata ta murje miki daidai wajen da ya kumbura da ƙarfi, naman sangali can sama shi za a tausa.

Maganin kashe zafi irin Diclofenac da Ibuprofen na 'yan kwanaki ne kuma bayan an ci abinci, shansu kullum yana jawo olsa yana taɓa ƙoda, mai ciki da mai olsa da mai ciwon ƙoda kar su sha sai da izinin likita, na shafawa ya fi sauƙi. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a ce na ciwon jiki ne baki san me ke ciki ba, Tramadol kuma kar ma a fara. Babbar illar dai ita ce ki kashe zafin ki koma ki yi amare uku a kan jijiyar da ke kumbure.

In an yi sati biyu zuwa uku ba sauƙi, ko sagewar ta daina tafiya, ko abu na suɓucewa daga hannunki, ko kika ga tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, asibiti kai tsaye, dan jijiyar ji in ta daɗe a matse ba lallai ta dawo daidai ba. Ki nemi sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a Kano akwai a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sauran asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya ma suna da shi. Ki gaya musu ainihin aikinki, ki kwatanta musu motsin da hannu. A duba suga ma, dan ciwon suga da juna biyu da matsalar maƙoƙo duk suna ƙara kawo sagewar nan, wani lokacin kuma daga wuya abin yake saukowa. Akwai allurar da likita ke yi a wajen, akwai 'yar tiyata in ta kama, amma ko an yi in aka koma tsohon salon aiki ciwon na iya dawowa.

Masu shago, Hajiyoyi, ku ma da ku. Yarinyar da ta ce hannunta na ciwo ba lalaci bane, in an mayar da ita kan turare da karɓar kuɗi na sati biyu ya fi a rasa ta gaba ɗaya bayan an sha wahalar koya mata. A dinga juya aiki tsakaninsu kar mutum ɗaya ta zama ita ce ta halawa kullum dan ta fi iyawa. Masu aiki a manyan wurare irin otal da asibitoci masu zaman kansu a Najeriya kuma su sani akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya dinga zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, kuma ta haɗa da ciwon da aiki ya jawo ba haɗari kaɗai ba. Ki tambaya ko an yi muku rajista, ki kai rahoton ciwon a rubuce da wuri, ki ajiye katin asibiti da duk takardar da likita ya rubuta miki.